Kwana Huɗu Ba Wanda Ya Ƙwanƙwasa

Ranar Litinin, goma ga watan Fabrairu, da hantsi, labarin rasuwarki ya same ni a ofis, Malama. Telan da ke da shago a ƙarƙashin benenku ne ya kira ni, domin lambata ya gani manne a jikin firij ɗinki. Na ce daga Allah muka zo kuma gare Shi za a mayar da mu, na maimaita har sau uku, sannan na nemi kujera. Sai da likita ya gama dubawa aka gaya mana cewa ba Litinin ɗin kika cika ba. Tun ranar Alhamis ne, shida ga wata, tsakanin azahar da la'asar. Saboda haka ranar rasuwarki biyu ce a wurina, wadda Allah Ya karɓi ranki da wadda mu muka sani. Kwana huɗu ne tsakaninsu, kuma a kansu nake so in yi magana, amma sai na fara faɗin wace ce ke, saboda waɗanda ba su san ki ba.

Shekara ashirin da shida na yi ina aiki a ƙarƙashinki a jami'a. Aikinki, in za a taƙaita shi, tambayar mutane ne yadda suke da danginsu. Kin zaɓi gidaje ɗari huɗu a garinmu, abokan aikinki a wasu ƙasashe uku su ma kowa ya zaɓi ɗari huɗu a nasa garin. A kowane gida ana zama da mutum uku, kowa shi kaɗai: tsoho ko tsohuwar gidan, ɗaya daga cikin 'ya'yansu, da jika in ya mallaki hankalinsa. Tambayoyin iri ɗaya ne, guda sittin da biyu, an fassara su zuwa harsuna huɗu. Duk bayan shekara shida a koma gidajen nan a sake yi, sannan a gwada amsar ƙasa da ƙasa, ta kaka da ta jika. Ni nawa shi ne in saurari kaset, in rubuta, in mayar da maganar mutane lambobi. Shi ya sa kike kirana Malam Ƙididdiga, kina cewa ko gaishe ni aka yi sai na tambayi kashi nawa cikin ɗari ne na gaskiya.

Ofishinki yana ƙarshen baranda a hawa na uku, ɗakin da a da ake jibge karyayyun kujeru. Taga ɗaya gare shi, ita ma tankin ruwa take kallo. Akwatunan ƙarfe shida ne jere da bango, cike da takardu da kaset, domin kin ƙi rabuwa da kaset ko bayan da kowa ya koma na'urar zamani. Sau biyu aka ba ki babban ofis a ƙasa kika ƙi, kika ce wanda ya hawo bene uku don ya gan ki, lallai da magana a bakinsa. Ba ki da sauƙi a kan aiki. Ɗalibin da ya kawo miki rubutun ganganci yakan fito da takardarsa ta yi ja kamar an yanka kaza a kai. Amma shi ɗin ne za ki tsare da yamma ki zauna da shi layi bayan layi, ki haɗa masa shayi. Shayinki kuwa, Allah Ya gafarta miki, ban san wanda ya taɓa shanye kofi guda ba, kuma ba wanda ya taɓa samun ƙarfin halin gaya miki.

Abin da na fara lura da shi a zagayen farko jakarki ce. Ban da rikoda da batura, kullum akwai ƙwan fitila uku ko huɗu a naɗe cikin tsohuwar jarida. Na ɗauka na gidanki ne. Sai ranar da muka shiga ɗakin wata tsohuwa a wani layi bayan tashar mota, muka same ta zaune cikin duhu da rana tsaka, domin ɗakin ba taga. Kika tambaye ta ko wuta aka ɗauke. Ta ce a'a, ƙwan ne ya mutu, tana jiran ɗanta ya zo ya canja. Kika ce tun yaushe? Ta yi lissafi da yatsu, ta ce wata huɗu ke nan. Kika tuɓe takalmi kika hau kujerar tsohuwar, ni kuwa ina riƙe da ƙafar kujera kunya ta ishe ni, ga mace mai digiri uku a sama, ga ni ƙato a ƙasa. Daga baya mutanen unguwannin da muke shiga suka laƙaba miki Mai Ƙwai, har wata tsohuwa mai nauyin kunne ta taɓa tarbar mu da kwano, ta ce a sa mata guda shida amma ban da ruɓaɓɓu. Kin yi dariya ran nan har sai da kika zauna a dakalin ƙofa.

Wasu manyan malamai sun soki wannan ɗabi'a taki. Suka ce mai bincike ba ya taɓa abin da yake aunawa, in kin gyara wa tsoho fitila kin ɓata sakamako. Kika amsa musu a rubuce, cikin ladabi, cewa kin ji, kuma daga yau duk gidan da kika sa wa ƙwai za a rubuta shi, mai son cire shi daga lissafi ya cire. Ni na riƙe wannan jerin. A zagayen farko gida tara ne. A na biyar, ɗari da goma sha bakwai.

Wata ƙa'idarki kuma ita ce ba a tashi da zarar an kashe rikoda. Sai an ƙara zama ko na minti goma ne, a sha ruwa, a yi hirar ciwon gwiwa da ta mutanen da. Direba yakan yi ta danna oda a waje, ke ko a jikinki. In mun koma mota sai ki ciro ɗan littafi ki rubuta abin da idonki ya gani: kofi nawa ne a kan tire, ko kujerar baƙi ta yi ƙura, ko kalandar bango ta wannan shekarar ce. Ni a lokacin ɓata lokaci na ɗauke shi, tunda ba ya shiga lamba.

A cikin tambayoyi sittin da biyun nan, ta goma sha huɗu ce taki ta kanki, ke kika dage sai an sa ta. Ana tambayar tsoho, in ka kwana biyu ba ka buɗe ƙofarka ba, wa zai fara zuwa ya ƙwanƙwasa? A zagayen farko mutanenmu dariya suke yi wa tambayar. Wani dattijo ya ce miki shi ko a banɗaki ya daɗe sai an taru a ƙofa ana sallama. Tsofaffinmu kan lissafo suna bakwai, takwas, har layin takarda ya ƙare. A ƙasar da ƙanƙara ke zuba kuwa, inda abokin aikinki da kike kira Dogo yake, suna ɗaya ko biyu ake samu, wani lokaci ma na mai kawo wasiƙa. Mun yi alfahari da wannan. Ni da kaina na zana jadawalin, kuma na ji daɗin zana shi.

Dogo ne ya kawo maganar da ta canja miki fuska. A taron da kuka yi bayan zagaye na biyu ya ce shi dole ta sa ya ƙara wani gurbi a takardarsa: in an koma gida aka tarar tsohon ya rasu, a rubuta kwana nawa ya yi kafin a gano. Ya ce a nasa garin ya rubuta uku, ya rubuta goma sha ɗaya, sau ɗaya ya rubuta arba'in. Ya ba da shawarar kowa ya ƙara gurbin. Wakilan sauran ƙasashen biyu suka ƙi, ɗaya ma ya ɗauki maganar cin fuska, ya ce wannan cutar mutanen sanyi ce, a wurinsu tsoho a hannun 'ya'yansa yake cikawa. Ke kaɗai kika ƙara. Da kika dawo kika miƙo mini sabuwar takardar, na ce Malama wannan ai ɓarnar tawada ce. Kika ce Allah Ya sa.

A zagaye na uku muka je gida na sittin da uku, gidan wani tsohon direban jirgin ƙasa, mutum mai barkwanci wanda sai ya kwaikwayi kukan jirgi a rikoda kafin ya yarda a fara. Muka tarar da baƙin fuskoki a ɗakinsa. Maƙwabciya ta ce ai ya rasu bara, kuma sai da ya kwana tara aka sani. 'Ya'yansa biyar, dukansu a garin nan suke. Da muka koma mota kika zaro takardar kika rubuta tara da hannunki, kika daɗe kina kallon ta. Sannan kika ce in nemo miki abin da ya faɗa a zagaye na biyu. Na nemo. Ya lissafo 'ya'yansa biyar cif, ya ce ba ranar da ɗayansu ba ya leƙo shi.

Wata uku kika yi kina gwada abin da tsofaffi suka faɗa a kaset da abin da kika rubuta a 'yan littattafan nan naki. Abin da kika gano shi ya hana ki sukuni har ƙarshen rayuwarki. Tsohon ƙasar Dogo, in 'ya'yansa ba sa zuwa, zai ce ba sa zuwa, har ya faɗi ranar da suka zo ta ƙarshe. A wata ƙasar kuma tsofaffi ƙorafi suke yi ko ana zuwa ko ba a zuwa, sai an rage wani abu daga maganarsu. Namu kuwa rufa wa 'ya'yansu asiri suke yi. Tsohuwa za ta zauna cikin duhu wata da watanni, ta dubi rikoda ta ce ɗanta ko jiya ya zo, don kada a ce ta haifi wanda bai san darajarta ba. Ashe jadawalin da nake alfahari da shi rabinsa kara ce da kunya. Da kika gyara lissafin da abin da ido ya gani, sai ga layinmu yana bin sawun layin Dogo, shekara goma sha biyu kawai ke tsakani. Amsar jikoki ma ba ta kwantar miki da hankali ba. A zagayen farko jika kan jero dangi talatin ba tare da ya numfasa ba. Daga baya muka fara samun waɗanda ba su san bambancin gwaggo da inna ba, ba su san ko kawu ta wajen uwa yake ko ta wajen uba ba, kuma amsarsu da ta tsararrakinsu na sauran ƙasashen uku ta zama kusan ɗaya.

Kin gabatar da wannan a babban zauren jami'a. Ina nan, a layi na biyu. Wani shugaban sashe ya miƙe ya ce kin je waje kin kwaso damuwar wasu kin kawo mana, mu zumunci a jininmu yake. Aka yi masa tafi. Kika bari tafin ya lafa, sannan kika ce:

"Ranka ya daɗe, ni ma addu'ata ke nan, a ce kuskure na yi. Amma tsofaffinsu in ba su da kowa suna faɗa, har a san abin yi. Namu cewa suke yi lafiya lau, mu kuma mun fi son mu yarda."

Ba a yi miki tafi ba. Mutane suka fita suna duba wayoyinsu.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai matata. Mahaifiyata ta rasu ina da shekara huɗu, ƙanwar mahaifina ce ta rene ni. Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba. Da ɗinkin hannu da wankau ta kai ni har jami'a. Da na yi aure na koma ɗaya gefen gari, ita ta zauna a ɗakinta na haya. Da farko duk mako nake zuwa, sannan duk wata, sannan sai dai in aika. Ba faɗa muka yi ba. Kullum ina da niyyar zuwa.

A zagaye na huɗu gidaje da yawa sun watse, aka cike gurbinsu da sababbi ta hanyar ƙuri'a. A lokacin na daina bin ku fita, aikin tebur ya yi mini yawa. Wata Laraba da safe na ɗauki kaset na gaba a jeri, lamba ce kawai a jikinsa kamar sauran, na sa abin ji a kunne. Tari na fara ji, kuma tun daga tarin na gane ta. Ƙa'ida ita ce in kashe nan take. Ban kashe ba. Na ji muryarki kina karanta tambaya ta goma sha huɗu, na ji Gwaggo ta amsa ba tare da ta yi jim ba, ta ce ai tana da ɗa, babban ma'aikaci ne a jami'a, binciken zumunci ma yake yi, kullum sai ya biyo kafin ya wuce ofis, ko shekaranjiya shi ya kawo mata maganin tarin nan. Da fara'a ta faɗa, har da 'yar dariya. A ranar, wata goma sha ɗaya rabona da ita. A gefen takardar da ke tare da kaset ɗin kin rubuta da jan biro: ƙwan ɗaki ya mutu, kwalbar magani ta bushe ƙaf, ta rame.

Na shigo ofishinki da kaset ɗin a hannu, ko sallama ban yi ba. Kika ɗago kika dube ni, kika ce in rufe ƙofa. Na tambaye ki ko kin san wace ce. Kika ce tun da kika ga hotona na ranar kammala karatu a bangon ɗakinta kika sani.

"Kwana shida kaset ɗin nan yana jakata," kika ce. "Amanarta ce, bai halatta ka ji ba. Na ɗauko zan kulle shi, na mayar, na sake ɗaukowa. Daga ƙarshe na sa shi a jeri na bar shi. Wannan laifina ne, kuma zan rubuta cewa na yi shi. Kai kuma naka laifin ka san inda yake zaune. Tashi ka tafi, aikin zai jira."

Ba ki ƙara mini ko kalma ɗaya a kan maganar ba, ba ran nan ba, ba bayansa ba. Kin cire gidan daga binciken, kin rubuta wa kwamiti da kanki cewa kin karya ƙa'idar sirri, aka ba ki takardar gargaɗi, ita kaɗai ce a fayil ɗinki na shekara talatin da biyar. Ni kuwa na je na tarar da Gwaggo tana wanke kofi ɗaya da cokali ɗaya. Ta ce lale da ɗan halak, yanzu take maganata a ranta. Ba ta tambaye ni ina na shiga ba. A makon na ɗauke ta zuwa gidana, da ƙyar ta yarda. Shekara huɗu ta yi tare da mu, ta koya wa 'ya'yana mata ɗinki, kuma ranar da ta cika kanta yana kan cinyata. Shekarun nan huɗu ke kika ba ni su, Malama, ke kuma kika ɗauki gargaɗin.

Shekara biyu da suka wuce kika yi ritaya, bayan zagaye na biyar. Maigidanki ya daɗe da rasuwa. 'Yarki tilo tana aikin jinya a wata ƙasa, tafiyar awa bakwai a jirgi. Ƙaninki yana nan garin, can ƙetaren gada, da iyalinsa. Kika bar babban gidan, kika kama ɗaki biyu da falo a hawa na biyu na wani bene kusa da shagunan littattafai, kika ce ya ishe ki. Ranar da muka kai miki kaya, bayan masu ɗauka sun tafi, kika rubuta lambata a takarda kika manna a firij. Kika ce, kamar da wasa, Malam Ƙididdiga, ka san tambaya ta goma sha huɗu, to kai ne amsata, in ka ji ni shiru kwana biyu ka zo. Na ce haba Malama, ai ko kwana ɗaya ba za a yi ba.

Shekarar farko na cika alkawari. Duk Talata da Asabar ina hawa benen nan, ki tambaye ni labarin sashe, ki bi rahotona da jan biro. Sannan aka ba ni kujerarki, taro ya yi yawa. Talata ta faɗi, Asabar ta rage. Daga nan Asabar ɗin ma ta koma waya. In na ba ki haƙuri sai ki ce kada in damu, ai 'yarki safe da yamma take kira har ta gundure ki, ƙaninki kuma duk Juma'a yana nan da 'ya'yansa suna hargitsa miki falo. Na ji daɗin jin haka. Ni da na yi shekara ashirin da shida ina sauraron tsofaffi suna faɗin irin wannan magana a kaset, ni da na san kashi nawa cikin ɗari ne gaskiyarta, na ji, na yarda, na koma kan aikina. Rabona da hawa benenki tun watan Oktoba.

Ranar Alhamis, shida ga wata, ƙarfe biyu saura kwata, ina tsakiyar taron sashe ana gardama kan jadawalin jarrabawa, wayata ta haska a kan tebur. Sunanki ne. Sau uku ta yi ƙara ta tsaya. Na kife ta, na ce in an tashi zan kira. Aka tashi, wani ya tare ni a baranda. Juma'a na tuna ina cikin mota, na ce bari in isa gida. Asabar muka je dubiyar surukina. Lahadi da la'asar na kira sau ɗaya, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, na ce ƙila kina hutawa ko kina wajen ƙaninki. Ko gabana bai faɗi ba. Wannan shi ya fi tsaya mini a rai har yau, cewa ko gabana bai faɗi ba.

Telan ya ce shi tun Juma'a ya lura ba ki sauko sayen burodi ba, labulen falonki kuma bai motsa ba. Ranar Asabar har ya taka matakala uku, sai ya ji nauyi, ya ce me zai ce in kika buɗe, shi ba danginki ba, kuma ai yana jin kina cewa mutanenki kullum suna hanya. Abin da ya sa ya kira mai gidan ranar Litinin ba sai na rubuta ba. Suka ɓalle ƙofa. Suka same ki a falo, tsakanin kujera da tebur, tabarau a fuskarki, wayarki a ƙasa kusa da hannunki. Likita ya ce zuciya ce, kuma yana kyautata zaton ba ki daɗe kina jin jiki ba. Na riƙe wannan zaton nasa da hannu biyu, don ba ni da wani.

An yi jana'izarki ran nan kafin magariba. 'Yarki ba ta samu ba, sai Laraba ta sauka. Muka zauna a falon ƙaninki, ni da shi da ita. Ta gaishe ni da ladabi, ta kira ni Baba, ta yi mini godiya. Na ce godiyar me? Ta ce ta ɗawainiyar da nake yi, ai Mama ta gaya mata kullum sai na biyo da yamma, shi ya sa hankalinta yake kwance, in aikin asibiti ya sha kanta takan yi mako ba ta kira ba. Ƙaninki ya ɗago kai. Ya ce shi ma abin da kika gaya masa ke nan, cewa abokin aikinki da 'yarki ba sa barin ki ki huta, kada ya wahalar da kansa da cunkoson gada. Wata bakwai rabonsa da ke. Kowannenmu kin ba shi sauran biyun ya jingina da su, don kada ɗayanmu ya ji kunya.

Sai 'yarki ta ciro wayarki daga jaka, ta ce, "Baba, kiran ƙarshe da ta yi, kai ta kira. Me ta ce maka?"

Na so in ce mata mun yi magana, kin ce a gaishe ta. Da ta samu abin riƙewa. Har na buɗe baki. Sai na ga rufin asirin ya isa haka, na ce mata ban ɗauka ba. Ta dube ni, ta dubi kawunta, ta mayar da wayar jaka. Ba ta zarge ni ba. Ta ce ita ma saƙonki na ranar Talata yana nan ba ta buɗe ba, kuma har yanzu ta kasa.

Ban san abin da kika kira ki gaya mini ba. Ko ciwon ne ya taso kika nemi wanda ya yi miki alkawari, ko wani kuskure kika tuna a rahoto kamar yadda kika saba. Zan mutu ban sani ba.

Dogo ya aiko da ta'aziyya. Shi ma ya tsufa, ana gani a rubutunsa. Ya ce wakilan ƙasashen nan biyu da suka ƙi gurbin sun ƙara shi yanzu, ba tare da sun ce komai ba. Ya tambaya ko za mu yi zagaye na shida. Za mu yi, in da rai. Na buɗe akwatin ƙarfe na duba namu gurbin: mutum ɗaya a zagaye na uku, shida a na huɗu, goma sha tara a na biyar. Na san yadda ake jan layi daga lambobin nan zuwa gaba, aikina ke nan, amma ban ja ba. Tsofaffin da za a tambaya nan gaba mu ne, kuma 'ya'yanmu sun ga yadda muka yi.

Makon jiya na je kwashe littattafanki, 'yarki ta ce a kai su sashe. Na tarar mai gidan har ya ba da hayar wurin. Sabon ɗan hayar wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta mai dogara sanda, 'ya'yansa maza biyu suna hawo da kaya. Mutanen kirki, masu fara'a, sai Baba kaza Baba kaza suke yi. Sun sa an canja ƙofar da aka ɓalle da ta ƙarfe, mai makulli biyu da sakata ta ciki, don a cewarsu gari ba tsaro. Babban ya gwada makullan, ya danƙa 'yan makullin duka a hannun uban, ya ce ya riƙa kullewa da kyau, kada ya buɗe wa kowa. Ƙaramin yana ta duba agogo, jirginsa ƙarfe huɗu zai tashi. Na tsaya da kwali a hannu, na ce wa babban ko zai bar ɗan makulli ɗaya a wajen telan ƙasa. Ya dube ni kamar na roƙi abin da bai dace ba. Dattijon ne ya amsa, da murmushi, ya ce ba sai an yi haka ba, yaran nan ba sa barin sa shi kaɗai. Suka yi masa sallama suka riga ni sauka. Ina kan matakala na ji ya ja sakata.

Malama, kin yi mini alherin da ba wanda ya taɓa yi mini irinsa, na saka miki da kife waya. An ce mini ba laifina ba ne, kuma na san ajali ba ya jiran a ɗauki waya. Amma kwana huɗun nan ba sa cikin ajali, namu ne. Ina roƙon ki gafara a gaban mutane, tunda ban samu na roƙa a gabanki ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki kurakuranki, Ya sa abin da kika ji ke kaɗai a wannan rana ya zama kaffara. Allah Ya yalwata makwancinki, Ya sanya ki cikin waɗanda ba tsoro a kansu ranar tsayuwa, Ya haɗa ki da maigidanki da iyayenki a gidan aminci.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yar Malama, wadda ta koma bakin aiki jiya. Allah Ya ba ki haƙuri, 'yata, Ya sanyaya miki zuciya. Ina miƙa ta ga ƙaninta da iyalinsa, ga ɗalibanta da ke warwatse a ƙasashe, ga abokan aikinta na nan da na nesa, da mutanen gidajen da ta yi shekaru tana shiga, waɗanda da yawansu ba su ji ba tukuna, kuma ni ne zan bi su gida gida in gaya musu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya sa kuma da wani a kusa. Amin.